Ƙiyasin makin jarrabawar AP Psychology: wace lamba za a gaskata, kuma me za a yi a makonnin da suka rage?

Wata uwa mazauniyar Amurka ce ta aiko da tambayar. 'Yarta tana aji 11, wato ajin da ke kafin na ƙarshe a sakandare, za ta zauna jarrabawar AP Psychology, wato darasin ilimin halayyar ɗan Adam, a watan Mayu, kuma saura mako shida. Yarinyar ta gwada kanta a gida, ta ci 52 cikin tambayoyin zaɓi 75, sannan ta ba kanta maki 8 cikin 14 a ɓangaren rubutu. Da ta zuba lambobin a manhajojin ƙiyasin maki na intanet, ɗaya ta ce 4 za ta samu a ma'aunin sakamako na 1 zuwa 5, ɗayar ta ce 3. Uwar tana son sanin wacce za su gaskata, ko lokaci ya ƙure musu, kuma ko su ɗauko mai koyarwa a gida.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yarinya sa'a, ya sa albarka a karatun.

Lokaci bai ƙure ba ko kaɗan. Mako shida ya isa ɗalibar da ke wannan matsayi ta ɗaga sakamakonta da mataki guda, in dai an san inda za a zuba ƙarfin. Game da manhajojin nan biyu, babu wadda ta yi muku ƙarya, babu kuma wadda ta san amsar. Da waɗannan lambobi 'yar taki tana tsaye ne tsakanin 3 da 4, ta fi karkata ga 4 idan har makin nan 8 da ta ba kanta gaskiya ne. To a kan 8 ɗin nan nake da shakka, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Da farko ki san yadda abin yake, domin ya bambanta da abin da muka saba. Hukumar College Board ce ke shirya jarrabawar AP. Darasi ne na matakin shekarar farko ta jami'a da ake koyarwa a sakandare, kuma na ilimin halayyar ɗan Adam yana cikin waɗanda suka fi jama'a: tun 1992 ake yin sa, yanzu sama da ɗalibai dubu 300 ke zaunawa duk shekara. Ba a nuna wa ɗalibi ɗanyen makinsa kamar yadda ake ganin na JAMB cikin 400. Lamba ɗaya tak ke fitowa a watan Yuli, daga 1 zuwa 5. Ana ɗaukar 3 a matsayin an haye, 5 kuma ita ce ƙololuwa.

Abu na biyu, wanda ya rikita iyaye da ɗalibai da yawa: an sauya fasalin jarrabawar daga zangon karatu na 2024 zuwa 2025. A da tambayoyin zaɓi 100 ne cikin minti 70, kowace da amsoshi biyar, sai tambayoyin rubutu biyu cikin minti 50. Daga Mayun 2025 sun koma 75 cikin minti 90, kowace da amsoshi huɗu, sai na rubutu biyu cikin minti 70, kuma duka a kwamfuta ake yi, a manhajar Bluebook. Babi tara na manhajar karatun an dunƙule su zuwa biyar. Don haka duk wani littafin shiri ko manhajar ƙiyasi da kika ga tana neman maki cikin 100, ta tsohon yayi ce, a ajiye ta. Tunda yarinyar ta yi gwaji mai tambaya 75, ta kama sabon tsarin, wannan ya yi kyau.

Lissafin da manhajojin ke yi ba wani sihiri ba ne, za ki iya yin sa a bayan ambulan. Ɓangaren zaɓi yana ɗauke da kashi biyu cikin uku na jimillar maki, ɓangaren rubutu kashi ɗaya cikin uku. Idan muka mai da komai cikin 100, tambayoyi 75 suna raba maki 66.7, kowace ta tashi a kan 0.89. Makin rubutu 14 kuma, bakwai a kowace tambaya, suna raba 33.3, kowane ya tashi a kan 2.38. Ki riƙe wannan da kyau: maki ɗaya a rubutu ya kusa daidai da tambayoyin zaɓi uku. Yanzu 52 sau 0.89 ya ba mu 46, 8 sau 2.38 ya ba mu 19, jimilla 65 cikin 100.

Har nan kowace manhaja za ta yarda da 'yar'uwarta. Inda suke rabuwa shi ne a ina aka ja layi tsakanin 3 da 4, da tsakanin 4 da 5. College Board ba ta buga waɗannan iyakoki duk shekara, kuma suna ɗan motsawa gwargwadon wahalar takardar shekarar. Ba gasa ake yi tsakanin ɗalibai ba, babu wani adadin masu 5 da aka ƙayyade tun farko. Ana daidaita takardar bana da ta shekarun baya ne ta hanyar lissafi, don 4 ta bana ta kasance da nauyin 4 ta bara. Masu manhajojin ƙiyasi kuwa hasashe suke yi, yawancinsu daga ma'aunin tsohon tsari da aka fi yawo da shi, inda 113 cikin 150 ke kai mutum 5, 93 ke kai shi 4, 77 kuma 3. In an mai da su cikin 100, wajen 75 ke nan, da 62, da 51. Kowane mai manhaja sai ya ɗan tura layin gaba ko baya yadda ya ga ya dace da sabon tsari, shi ya sa kuka ga amsa biyu. Akwai kuma alamar cewa ba za a ɗauko tsofaffin iyakokin a dasa su yadda suke ba: a 2024 kashi 60 da 'yan kai na ɗalibai ne suka samu 3 ko sama, a 2025 da aka fara sabon tsari adadin ya kai wajen kashi 70. Ni dai a wurina tsohon ma'aunin yana da amfani a matsayin ma'auni mai tsauri. Wanda ya haye shi da rata, hankalinsa ya kwanta. Da shi, 65 ɗin yarinyar 4 ce, amma da tazarar maki uku kacal.

Maki uku kuwa ba komai ba ne a gwaji guda. A ce ɗaliba ta san kashi 70 na abin da za a iya tambaya. Idan aka ba ta takardu daban-daban masu tambaya 75, ba 52 za ta riƙa samu kullum ba. Yau 49, gobe 56, domin kowace takarda ɗiba ce kawai daga tarin tambayoyin da za su iya fitowa, kuma lissafi ya nuna hawa da saukar tambayoyi huɗu sama ko ƙasa abu ne na yau da kullum. Tambaya huɗu maki uku da rabi ne, sun riga sun cinye tazarar. Wannan ma yana cikin abin da ake koya musu a darasin, a babin gwaje-gwaje: awo ɗaya ba ya tabbatar da komai sai an maimaita an ga ya tsaya. Saboda haka ƙiyasin gaskiya ba lamba ɗaya ba ce. A yi gwaji cikakke sau biyu ko uku, da agogo, waya a wani ɗaki, littafi a rufe, sannan a ce makinta yana yawo tsakanin kaza da kaza. Idan gwajin da ta yi a kan gado ta yi shi, tana tsayawa tana leƙa littafi, to 52 ɗin ma sai an rage masa wani abu.

Yanzu ga maganar 8 cikin 14. Mai sayar da hatsi da mai saye ba sa cika mudu iri ɗaya, haka ɗalibi da mai duba takarda. Ɗalibi yana karanta amsarsa yana ganin abin da ya yi nufi, mai dubawa kuwa abin da ke rubuce kawai yake gani. A watan Yuni ake tara malaman jami'a da na sakandare su duba waɗannan amsoshi, kowannensu da ƙa'idar ba da maki a gabansa, kuma kowane maki ko dai an same shi ko ba a same shi ba. Babu rabi, babu na tausayi, babu na "ai ta fahimta". Abin da na saba gani shi ne ɗalibin da bai taɓa karanta ƙa'idar ba yana ƙara wa kansa maki biyu ko uku ba tare da niyyar cuta ba. In haka ta faru a nan, 8 ta koma 5, jimillar ta sauko daga 65 zuwa 58, ta faɗa cikin 3 sosai. Amma ki juya lissafin ki ga alherin da ke ciki. Idan ta koyi rubuta amsa yadda ake so ta kai 11, ta ƙara maki bakwai a kan 65 ba tare da ta haddace sabon abu ko ɗaya ba. Kafin ta samu wannan bakwai ɗin a ɓangaren zaɓi sai ta ƙara cin tambayoyi takwas. Shi ya sa nake cewa mafi arahar maki a wannan jarrabawa yana ɓangaren rubutu, kuma nan ne ɗalibai suka fi sakaci da shi.

Dalilin arahar shi ne tambayoyin biyu ba sa sauya siffa. Abin da ke ciki ne ke sauyawa, ƙirar tana nan.

Ta farko, wadda suke kira AAQ, minti 25 ce, goma daga ciki na karatu. Ana ba ɗalibi taƙaitaccen bayanin bincike guda, a tambaye shi abu shida. Wace hanyar bincike aka bi. Yaya masu binciken suka auna wani abu takamaimai. Me wata lamba da aka nuna take nufi. Wace ƙa'idar kare haƙƙin mahalarta aka kiyaye. Shin za a iya ɗora sakamakon a kan sauran jama'a. Sai na ƙarshe mai maki biyu: yadda sakamakon ya goyi bayan wani ra'ayi na ilimin ko ya rushe shi.

Bari in ƙirƙiro misali don ki ga inda makin ke zubewa. A ce an ɗauki ɗaliban jami'a 60 'yan shekara 18 zuwa 22, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowa ya haddace kalmomi 30. Rukuni ɗaya ya yi barcin dare, ɗayan ya kwana ido biyu, da safe aka ce kowa ya rubuta abin da ya tuna. Matsakaicin masu barci 21, na marasa barci 16. An tambayi yadda aka auna ƙarfin tunawa. Ɗaliba ta rubuta "yadda mutum ke iya tuna abin da ya koya". Ba ta samu ba, domin ma'ana ta bayar, ba awo ba. Amsar ita ce "adadin kalmomin da mutum ya rubuta daidai cikin 30 da safe", abin da wani zai iya ƙirgawa ya maimaita. An tambayi ma'anar matsakaicin. Ta rubuta "masu barci sun samu 21, marasa barci 16". Nan ma ba ta samu ba, kwafe lambobin ta yi. Ana so ta ce bambancin yana nuna waɗanda suka yi barci sun fi tuna kalmomi fiye da waɗanda ba su yi ba. An tambayi ko sakamakon ya shafi kowa. Ta rubuta "a'a, mutanen sun yi kaɗan". Wannan amsar ita ce ta fi kayar da ɗalibai. Abin da ake nema shi ne ta kama wata siffa ta mahalartan ta gina hujja a kanta: duka matasa ne 'yan jami'a, don haka ba za a ɗora sakamakon a kan tsofaffi ko ƙananan yara ba. A tambayar haƙƙin mahalarta kuma, dole ta ambaci ƙa'idar da labarin ya faɗa da bakinsa, kamar neman yardarsu kafin a fara, ko ɓoye sunayensu, ko yi musu bayanin gaskiyar binciken bayan an gama. In ta kawo wata ƙa'ida mai kyau da ba ta cikin labarin, makin ya tafi. Duk waɗannan amsoshi da suka faɗi, ɗalibar da ke duba kanta za ta ba su maki, domin a kunne suna da ma'ana.

Ta biyu, EBQ, minti 45 ce, sha biyar na karatu. Ana ba da taƙaitattun bincike uku a kan batu ɗaya, a ce ɗalibi ya ɗauki matsaya ya kare ta. Maki ɗaya na matsayar ne, kuma dole ta zama magana mai ɓangare, wadda wani zai iya musawa. Wanda ya ce "abin yana da amfani kuma yana da illa" bai ɗauki matsaya ba. Sai hujja ta farko daga ɗaya daga cikin binciken, tare da faɗin daga wanne aka ɗauko ta, maki ɗaya. Sai bayanin yadda hujjar ke tallafa wa matsayar ta amfani da wani ra'ayi da aka koya a aji, maki biyu. Sannan a maimaita da wani binciken daban da wani ra'ayin daban, maki uku. Uku daga cikin bakwai ɗin nan, wato matsaya da hujjoji biyu, duk ɗalibar da ta iya karatu da natsuwa bai kamata su kuɓuce mata ba. Abin da ke hana su shi ne mantuwa da ambaton tushen hujjar, ko ɗauko hujjoji biyun daga bincike ɗaya. Sauran huɗun su ne ke bambanta mai 3 da mai 5, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a jefa sunan ra'ayi a wuce, ba a nuna yadda ya haɗa hujjar da matsayar ba, ko a yi amfani da ra'ayi ɗaya sau biyu.

Maganin duk wannan kyauta ne. A shafin AP Central, College Board tana sa tambayoyin rubutu da aka yi, da ƙa'idar ba da makinsu, da amsoshin ɗalibai na gaske tare da bayanin dalilin da ya sa wannan ta samu wannan ta rasa. Ta fara da na 2025, domin su ne farkon masu sabuwar ƙira. Ta amsa da agogo, ta duba kanta da ƙa'idar layi bayan layi, sannan, wannan shi ne muhimmi, ta kai wa malaminta na aji ya sake dubawa. Bambancin da ke tsakanin makin da ta ba kanta da wanda malam ya ba ta shi ne zai gaya muku gaskiyar 8 ɗin nan. Ke ma za ki iya taimakawa ko ba ki taɓa karanta darasin ba: ki riƙe ƙa'idar, ta karanta miki amsarta, ki ce ta nuna miki da yatsa jimlar da ta ci makin. In ta fara cewa "ai abin da nake nufi shi ne", to ba a samu ba.

A ɓangaren zaɓi, tambayoyi 23 da ta faɗi sun fi 52 da ta ci amfani a gare ta yanzu. Ta zauna da su ɗaya bayan ɗaya ta rubuta dalilin kowace: ban san abin ba sam, ko na san shi na rikita shi da makamancinsa, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya kama ni. Kowane dalili da maganinsa, kuma sake karanta littafi daga bango zuwa bango ba ya maganin uku daga cikinsu. Ta kuma lura da babin da suka fito. Babukan biyar su ne tushen ɗabi'a a jiki da ƙwaƙwalwa, tunani da tunawa, girma da koyo, zamantakewa da halin mutum, sai lafiyar hankali da ta jiki. Kowanne yana ɗaukar kashi 15 zuwa 25 na tambayoyin, don haka babu wanda za a yi watsi da shi a ce ba zai fito ba.

Sabuwar jarrabawar ba ta cika tambayar "mene ne kaza" ba. Labari take bayarwa ta ce wane ra'ayi ne ke aiki a nan. Kusan kashi 65 na tambayoyin zaɓi irin wannan ne, kashi 25 a kan hanyoyin bincike, kashi 10 a kan karanta jadawali da lambobi. Ki haɗa na biyun ƙarshe, ki ƙara da tambayoyin rubutu da dukansu a kan bincike aka gina su, za ki ga cewa wanda ya ƙware a hanyoyin bincike ya riƙe fiye da rabin jarrabawar. Abubuwan kuma ba su da yawa. Ya kamata ta san cewa gwajin bincike ne kaɗai, wanda aka raba mutane rukuni-rukuni ta ƙuri'a aka sauya abu ɗaya, ke iya nuna wani abu ya haddasa wani. Binciken da ya nuna abu biyu suna tafiya tare bai nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan ba. Ta bambance zaɓo mahalarta daga cikin jama'a ta ƙuri'a, wanda ke ba da damar ɗora sakamako a kan jama'ar, da raba su rukuni ta ƙuri'a, wanda ke ba da damar maganar sanadi. Ta san cewa a lambar da ke auna yadda abu biyu ke tafiya tare, alaƙa mai -0.8 ta fi mai +0.5 ƙarfi, domin alamar - ko + tana nuna alkibla ne kawai. Ta san a ma'aunin kaifin basira matsakaici 100 ne, ma'aunin warwatsuwa, wato yadda maki ke nisa da matsakaicin, 15 ne, kuma wajen kashi 68 na mutane suna tsakanin 85 da 115.

Sai tagwayen ra'ayoyi da ke kama da juna, waɗanda masu shirya tambaya suka san ɗalibai na rikitawa. Mafi shahara shi ne bambancin horo da ƙarfafa ɗabi'a ta hanyar janye abin ƙi. Motar da ke ta ƙara har sai direba ya ɗaura bel tana ƙarfafa ɗaura bel ne, domin ɗabi'ar tana ƙaruwa don a rabu da ƙarar. Tarar da ɗan sanda ya ci wanda ya yi gudun wuce sa'a horo ce, domin ana so ɗabi'ar ta ragu. Tambayar da za ta yi wa kanta kullum ita ce: ɗabi'ar ƙaruwa ta yi ko raguwa? Haka tsohon sani da ke hana sabo zama, kamar mai sabuwar lambar waya da bakinsa ke ta kawo tsohuwar, da sabon sani da ke goge tsoho. Duk ra'ayin da ta koya, ta nemo masa misali daga gidanku ko makarantarsu. Wanda ta ƙirƙira da kanta ya fi na littafi zama a ka.

Ta kuma duba kundin bayanin darasin da College Board ta fitar, domin a ciki an rubuta ƙarara abubuwan da ba za a tambaya ba. Matakan girma na masani Freud da dalar buƙatun ɗan Adam ta masani Maslow, waɗanda tsofaffin littattafai suka cika shafuka da su, suna cikin abin da aka cire. Haddace sunayen masana da shekarunsu ma ba shi ne abin da ake nema yanzu ba. Abin takaici ne yarinya ta ƙarar da dare a kan abin da aka riga aka sanar ba zai fito ba.

Yadda za ta yi karatun kuwa, darasin da kansa ya ba da amsa a babin tunawa, kuma ina mamakin yadda ɗalibai ke haddace wannan babi don jarrabawa ba sa aiki da shi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani Bajamushe, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka yi ta rufewa suna rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda masu gwada kansu sun riƙe kashi 61, masu maimaita karatu kashi 40, alhali masu maimaita karatun ne suka fi jin cewa sun iya. Wannan jin shi ne tarkon. Shafin da aka ja wa layi da alƙalami mai launi yana zama sananne a ido, sai mutum ya ɗauka ya shiga kai. Don haka ta rufe littafi ta ɗauki farar takarda ta zana ƙwayar jijiya da sassanta, ko ta jero matakan barci, ko ta yi wa ƙanenta bayanin karen Pavlov, masanin da ya koya wa kare zubar da yawu da jin wani sauti, sannan ta buɗe ta ga abin da ta bari. Minti arba'in kullum na irin wannan ya fi awa biyar na ranar Lahadi. Kuma ta riƙa cakuɗa babukan a zama ɗaya, tunda a jarrabawar ma a cakuɗe za su zo. Tambayoyin gwaji da ke shafin AP Classroom na College Board, waɗanda malaminta ke iya buɗe musu, daga masu shirya jarrabawar suka fito, sun fi na kasuwa kama da abin da za ta tarar.

In ni ne zan tsara mata makonnin, na farko na tantance kurakurai ne da sanin gaskiyar makin rubutu. Uku na tsakiya, babukan da ta fi rauni da hanyoyin bincike, tare da tambayar rubutu ɗaya duk bayan kwana biyu. A na biyar ta yi gwaji cikakke na awa biyu da minti arba'in, a kwamfuta, da safe ko da rana daidai lokacin da za a yi na gasken. Na ƙarshe bita ce mai sauƙi da barci isasshe. Kada ki bari ta kwana karatu a daren jarrabawa, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya, wannan ma yana cikin littafinta.

A ranar, tana da daƙiƙa 72 ga kowace tambayar zaɓi. Wadda ta tsaya mata, ta sa mata alama a Bluebook ta wuce ta dawo daga baya. Kada ta bar ko ɗaya babu amsa, domin tun 2011 aka daina rage maki saboda kuskure. Tambaya 12 da aka yi wa canki-canka za su kawo uku a bisa lissafi, in kuma ta iya fitar da amsoshi biyu da ta tabbatar ba su ba ne, rabi za ta ci. Ta sauke Bluebook tun yanzu ta yi gwajin da ke ciki don hannunta ya saba, musamman buga amsa da sauri alhali labarin binciken yana gefe ɗaya na allon.

Batun mai koyarwa a gida, ban ga buƙatarsa ba ga ɗalibar da ke cin 52. Abin da take buƙata shi ne wanda zai duba mata rubutu da tsauri sau uku ko huɗu, kuma malaminta zai yi wannan in ta roƙe shi. In kin ga lalle sai an ɗauko wani, ki tambaye shi yadda ake raba maki bakwai na EBQ. Wanda ya yi inda-inda, tsohuwar jarrabawa ya sani.

Kafin ku ɗora wa kanku dole sai 5, ku duba abin da jami'o'in da take hari suke karɓa. Da yawa daga jami'o'in jihohi suna yafe wa mai 3 darasin gabatarwa na shekarar farko, wasu sai 4 ko 5, wasu manyan kuma ba sa yafe komai ko da 5 ce, sai dai su gan ta a takardar neman shiga. College Board tana da wurin binciken manufar kowace jami'a a shafinta, minti biyar ya isa. Tunda tana aji 11, ba dole ba ne ta tura sakamakon ko'ina a bana. Za ta iya jira ya fito a Yuli ta gani, sannan ta yanke shawarar inda za a aika shi lokacin neman gurbi.